SU, Weber ko Solex: wace kafireta ta dace da tsohuwar MGB a Maraɗi?

Mai MGB da motarsa ta fara tari, tana zuƙar mai fiye da kima, tana mutuwa a ralanti, da wuya ya bar garaji bai ji wannan shawarar ba: “Alhaji, a cire tagwayen nan a ɗora guda, ka huta.” Wani lokaci shawarar daidai take. Sau da yawa kuma kuɗi ne za a zubar kan ciwon da ba na kafireta ba. Hanyoyi huɗu ne a gabanka: ka gyara tagwayen kafiretocin SU da motar ta zo da su, ka sa Weber 32/36 DGV, ka sa Weber 45 DCOE, ko ka bi hanyar gida ka ɗora Solex ta Peugeot 504.

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin murfin injinka. Kamfanin MG ya ƙera MGB a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, sama da guda 500,000, da injin 1798cc mai silinda huɗu. Na farko sun zo da SU HS4 guda biyu, masu kofin mai a gefe. A farkon shekarun 1970 aka koma HIF4, wadda kofinta ke ƙasa. Waɗanda aka kai Amurka daga 1975 kuwa Zenith-Stromberg 175 CD guda ɗaya aka sa musu saboda dokar hayaƙi, ƙarfin injin ya faɗo daga doki 95 zuwa sittin da ƴan kai. Mai Stromberg da mai tagwayen SU ba lissafi ɗaya za su yi ba.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, duba wuta. Tazarar kwantak a delko milimita 0.35 zuwa 0.40, ta buji 0.64, ta supap 0.38 injin na sanyi. Auna matsin silinda huɗun, kada bambancinsu ya wuce kashi goma cikin ɗari. Sa taimin daidai. Yawancin motocin da ake zargin kafiretarsu, delko ne ya yi wasa ko supap ta ƙone, kuma sabuwar Weber ba ta maganin ko ɗaya.

Ma'aunin da za a bi

Zafi shi ne na farko. A MGB shigar mai da fitar hayaƙi duk gefe ɗaya suke, hagu idan kana zaune a mota, wato kafireta na zaune ne kai tsaye bisa manifol ɗin salansa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, mai na tafasa cikin kofi bayan an kashe injin, a dawo bayan kwata a yi ta murza makulli ta ƙi tashi.

Na biyu ƙura, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Na uku ingancin mai: wanda ke sha a gidan mai kawai da wanda wani lokaci ke tsayawa wurin ƴan ruwa-ruwa a hanyar Ɗan Isa ba datti ɗaya ke shiga tankinsu ba. Na huɗu, wa zai saita ta, kuma ina kayanta? Na biyar kuɗi. Duk kayan SU da Weber daga waje ake oda, to ka riƙe wannan lissafin: Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato kowane Yuro 100 kusan jika 66, ban da kuɗin aikowa da na duwan. Na ƙarshe darajar motar, domin mai sayen tsohuwar mota yakan fi son ya ga kayanta na asali.

Ƙarfin doki ban sa shi a jerin ba da gangan. Kan injin MGB ƙofofin shigar mai biyu ne kacal, silinda biyu na rabon kowace ƙofa. Nan ne iska ke maƙalewa, kuma babu kafiretar da za ta faɗaɗa ƙarfen da aka zuba tun daga masana'anta.

Gyara tagwayen SU

SU ita ce mafi sauƙin tsari cikin huɗun. Jikler ɗaya ne, faɗinsa inci 0.090, da allura mai tsini da ke shiga cikinsa. Fistin da ke riƙe da allurar zuƙar injin ce ke ɗaga shi, ba ƙafarka ba, saboda haka man da ke fita na bin buƙatar injin. Duk makanikin da ya saba da kafiretar babur ɗin kabu-kabu ya riga ya san allura da jikler, abin da ya rage ya koya shi ne daidaita biyu su ja tare. Kuma da yake ramin babba ne guda, dattin da zai toshe ƙananan ramukan Weber sau da yawa wucewa yake yi a SU. Ga mai shan man kwalba wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ciwonta na tsufa shi ne sandar totur. Bayan shekara arba'in ko hamsin ramin da take juyawa ciki ya buɗe, iska na shiga ta gefe, ralanti ya ƙi zama wuri ɗaya. Kama sandar ka girgiza ta sama da ƙasa. Ko kuma injin na ralanti ka fesa maganin wanke kafireta a ƙarshenta: idan sautin ya canza, tana shan iska. Maganinsa sabuwar sanda da bushi, kuma dole a huda ramukan biyu a layi ɗaya wurin mai tur, ba da injin huda na hannu ba. Wanda ya sa sababbin gasket da allura ya bar sanda na wasa, bai yi komai ba. Wasu HS4 na ƙarshe-ƙarshe da HIF4 suna da wani ɗan bawul mai sifirin a jikin faifan totur wanda idan ya gaji yake riƙe ralanti sama. A toshe shi da dalma ko a sa faifai marar bawul.

Kayanta suna nan. Kamfanin Burlen a Salisbury na Ingila yana ƙera SU da kayanta har yau. Kunshin gyara na biyun, da sanduna da jikler da allurai, shi ne mafi arha cikin kayan odar. Sababbi fil guda biyu kuwa sun fi kunshin DGV tsada.

Saitin kan ɗauki kamar awa ɗaya ga wanda ya iya. A HS4, tazarar fulota ta roba milimita 3.2 zuwa 4.8. Ɗaga jikler har ya yi daidai da gadar maƙogwaro, sannan ka sauke shi zagaye biyu cif, wato fuska 12 ta notin. Zuba man injin 20W50 cikin bututun fistin. Tada injin ya yi zafi, sassauta maɗaurin da ya haɗa sandunan biyu, ɗauki guntun tiyo ka sa baki ɗaya a kunne ɗaya a bakin kafireta, ka juya sukurorin ralanti har shewar biyun ta zama ɗaya, injin na juyi 750 zuwa 800 a minti. Sai ka ɗaga fistin da bakin sukudireba kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya. Idan juyin ya ɗan hau ya dawo, daidai ne. Idan ya hau ya zauna, mai ya yi yawa. Idan ya faɗi, mai ya yi kaɗan.

Ƙura ce abokiyar gabarta. Tsakanin fistin da ƙoƙonsa tazarar ƴar kaɗan ce, ƙurar hunturu ta haɗu da mai sai fistin ya fara maƙalewa. A wanke da esansi da tsumma mai laushi. Kada yaron garaji ya kusance shi da samfefa, kada kuma a musanya fistin na gaba da na baya, kowane da ƙoƙonsa aka auna shi. Ɗaga shi da yatsa ka saki, ya kamata ya sauka da kansa ka ji ƙas. Gwangwanayen filta na asali masu takarda a ciki sun fi ƙananan masu ƙyalli tare ƙura nesa ba kusa ba. Wajen ɗaura su ka lura kada gasket ta rufe ƙananan ramukan iska na fuskar kafireta, in ta rufe fistin ba zai ɗagu daidai ba.

Haɗarinta ambaliya. Ƙwayar yashi ɗaya a bawul ɗin fulota ta isa ta sa mai ya cika ya zubo, salansa kuma na ƙasa. Bututun ambaliya dole su kasance a wurinsu, suna sauke man can ƙasa nesa da salansa.

Weber 32/36 DGV

Wannan ita ce “guda” da makanikai ke nufi. An san ta a motocin Ford irin su Cortina da Capri. Baki biyu gare ta: na milimita 32 ke aiki a tuƙin gari, na 36 ba ya buɗewa sai ka taka totur ya kai wajen kashi biyu cikin uku. Ana sayar da ita a kunshi da manifol, filta da waya, farashin kuma ɗaruruwan Yuro ne. Iri uku ne: DGV mai cok na hannu, DGEV na lantarki, DGAV na ruwan zafi. A Maraɗi ɗauki na hannu. Sanyin da zai sa ka ja cok ƴan safiyoyi ne a Disamba da Janairu, na otomatik kuwa ƙarin abin lalacewa ne kawai.

Alherinta shi ne in an saita ta, ta zauna. Babu daidaita biyu, babu zuba mai a fistin, kuma da yake tana zaune sama ta ɗan yi nisa da salansa. Notocinta da jiklocinta na milimita ne, kowane garaji na da sifanarsu. Duk makanikin da ya girma da 504 zai gane ta da kallo ɗaya.

Amma kada a ce maka za ta ƙara gudu. Kan tagwayen SU masu lafiya ba ta ƙara komai, a babban juyi ma takan ɗan gaza, domin man sai ya sauko ya karya kwana kafin ya shiga ƙofa. Wannan kwanar ce kuma ke jawo ɗan shaƙewar da ake ji idan an taka daga ralanti. Waɗanda ke rantsuwa motarsu ta farka bayan sa Weber, yawanci SU da ta mutu murus ko Stromberg suka cire.

Jiklocin da take zuwa da su, galibi 140 da 140 manya, 170 da 160 na iska, 60 da 50 na ralanti, wurin farawa ne kawai. Lambar faɗin rami ce, 140 na nufin milimita 1.40. Ka yi odar lamba ɗaya sama da ɗaya ƙasa tun farko, kada ka jira wata guda saboda ƙaramin tagulla. Sukurun haɗin ralanti a fara da zagaye biyu waje, na gudun ralanti kada ya wuce zagaye ɗaya da rabi ciki. In injin ya ƙi zama sai ka wuce haka, jikler ɗin ralanti ne bai dace ba ko iska na shiga wani wuri. Jikler na ralanti rabin milimita ne, shi ya sa yake toshewa da ƙazamin mai. A hura shi da iska, kada a soka masa waya.

Filtar da ke cikin kunshin ita ce rauninta a nan. Murfin injin MGB gajere ne, sai aka yi ta siririya, wadda ta isa titin Turai amma ba hanyar Madarunfa a watan Janairu ba. Nemi mafi kauri da murfin zai rufe a kanta. Sa dunƙulen laka ko sabulu bisa filtar, rufe murfin a hankali, ka buɗe ka ga sararin da ya rage.

Sai jabu. Weber ta asali daga Bologna ta Italiya ta fito, tun 1992 kuma a Sifen ake ƙera ta. Kwaikwayonta sun cika intanet da araha. Wasu na aiki, wasu lambar da ke jikin jikler ba ita ce faɗin ramin ba, sandar kuma ta fara wasa da wuri. Wanda ya sayi irin wannan ya buɗe ta ya wanke, ya auna fulota kafin ya ɗora: milimita 41 ta tagulla, 35 ta roba.

Weber 45 DCOE

Ita ce mai kyan gani da ƙara, kuma ita ce za ta fi ba ka wahala. A injin mai ƙofa huɗu irin na Alfa Romeo ana sa DCOE biyu kowace silinda ta samu bakinta. A MGB ƙofa biyu ce, saboda haka DCOE ɗaya aikin da tagwayen SU ke yi take maimaitawa, sai dai da babban maƙogwaro da famfon da ke watsa mai in an taka. Amfaninta na fitowa ne idan an gyara kan injin, an sa kamshaf na tsere da salansa mai faɗi. A injin da ba a taɓa ba, maƙogwaron milimita 36 ya yi masa yawa a ƙaramin juyi, iska ta yi sanyin gudu, mota ta riƙa shaƙewa a cunkoson bakin kasuwa tana shan mai. Ba ta da wurin da ya dace da tiyon zuƙa na delko, sai an sake tsarin delkon, abin da ke ƙara shan mai a doguwar tafiya. Tana son a ɗaura ta kan roba mai laushi saboda girgiza kada mai ya yi kumfa. Saitinta kuma sai da akwatin jikloci da na'urar auna hayaƙi. Ita ce mafi tsada in an haɗa komai, wurin sa filtar kirki kuma ya fi na kowacce ƙaranci.

Solex ta 504

Lissafin masu wannan shawarar ba shirme ba ne. Injin 504 ƙarami 1796cc ne, na MGB 1798cc, babban na 504 kuma 1971cc mai Solex 32/35 baki biyu. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, don haka kafireta da kayanta ana samu a Maraɗi, a Katsina, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, da kuɗin da bai kai na aiko da Weber ba.

Matsalar ba a kafiretar take ba, a manifol take. Babu wanda aka ƙera don wannan haɗin. Sai mai walda ya haɗa da bututu, kuma a nan gizo ke saƙa: zafin walda na lanƙwasa fuskar da ke manne da kan injin, iska ta shiga, ko reshe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, silinda biyu su ƙoshi biyu su yi yunwa. Silindar da mai ya yi wa kaɗan zafi take yi. A MGB ta 2 da ta 3 ƙofar hayaƙi ɗaya suke rabo, wurin dama ya fi ko'ina zafi, kuma tsakaninsu ne kan injin ya saba tsagewa. In dole ce, fuskar a yanke ta daga ƙarfe mai kauri, a goge ta ta miƙe bayan walda, rassan su zo daidai tsawo, a kuma riƙa cire buji huɗun ana kwatanta launinsu. Fari fat alamar haɗari ce.

| | SU gyararru | Weber DGV | Weber DCOE | Solex 504 |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | kaɗan, in jikinsu na da kyau | matsakaici | mafi yawa | mafi ƙaranci |
| Ƙarko | mai kyau in an sa bushi | mai kyau, ban da jabu | mai kyau | ya dogara ga walda |
| Saiti | sai an koya, ana maimaitawa | sau ɗaya | mai wuya | da laluben hannu |
| Ƙazamin mai | tana jurewa | tana toshewa | tana toshewa | tana toshewa |
| Ƙura | filtar asali ta isa | filta siririya | wuri ya yi kaɗan | ya dogara ga sarari |
| Kaya a kusa | oda | oda | oda | akwai |
| Babban haɗari | ambaliya kan salansa | shaƙewa, jabu | shan mai | ƙona supap, tsaga kai |

Abin da ya shafi kowane canji

Dukkansu matsin mai kaɗan suke so, wajen bar 0.2, wato psi 3. Famfon SU na asali da ke bayan motar daidai yake. Famfon motar zamani mai injekta na kai bar 3, zai danne fulota mai ya yi ambaliya. Sa filtar mai kafin kafireta, mai gilashi ko roba da ake ganin ciki. Kada a jefar da farantin tare zafi da kaurarrun gasket masu hana zafi hawa, tiyon mai kuma a kauce da shi daga salansa.

Manifol ɗin shiga da na salansa notoci ɗaya suke rabo. Idan kaurin fuskokinsu ya bambanta, washa za ta danne ɗaya ta bar ɗaya, sai a cike da rabin washa. Tiyon numfashin injin da ke shiga jikin SU a motocin ƙarshe-ƙarshe, a mai da shi gindin filtar sabuwar kafireta. In aka toshe shi injin zai fara zubar da baƙin mai ta ko'ina. Notocin motar na inci ne, 7/16, 1/2 da 9/16. Sifana 13 na kama na 1/2 sako-sako, ta cinye masa kusurwa.

Mai Stromberg na da ƙarin aiki: manifol ɗinsa na shiga da na salansa ƙarfe ɗaya ne, duk abin da zai sa sai ya sayi na salansa daban da bututun da ke biye. A waɗannan motocin masu sitiyari a hagu, tukunyar ƙarfin birki na gefen kafireta, tana cin wurin filtar SU ta baya.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Idan tagwayen SU na nan, jikinsu bai tsage ba, gyara su da sababbin sanduna da bushi. Shi ne mafi arha cikin na oda, ya fi jure man da muke samu, motar kuma ta riƙe darajarta. Sharaɗin kawai a samu mutum ɗaya, kai ko makanikinka, da zai zauna ya koyi saitin.

Idan Stromberg ce a kai, ko motar ta zo babu kafireta, ko kullum kake hawanta ba ka son buɗe murfi, ɗauki DGV ta asali mai cok na hannu, da ƙarin jikloci da filta mafi kauri da za ta shiga.

DCOE ta wanda ya riga ya kashe kuɗi a kan injin da kamshaf ce, wanda daɗinsa shi ne ya buɗe mata wuta a kwaltar Tasawa, kuma kuɗin mai ba ya damunsa.

Solex ta wanda motarsa ke ajiye ce yana son ta motsa kafin kaya su iso. Ya tuƙa ta a gari, ya sa ido kan allurar zafi, SU ɗin da ya cire kuma ya wanke su ya naɗe a leda tare da manifol da sandunansu, kada su tafi wurin ƴan gwangwan.